Tasharmu ta canza hannu: a ci gaba da saurare ko a murɗa gaba?

Mai Rediyon Batir:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu sauraron rediyo ce na haƙiƙa, ba masu kunna shi don kada gida ya yi shiru ba. Tashar da na fi so a yankinmu an sayar da ita. Suna bai canza ba, lambar da ake kamo ta tana nan, har ɗan kiɗan da suke buɗe labarai da shi ba su taɓa ba. Amma shirin daren Asabar da ake shigo da makaɗa situdiyo su yi wasa kai tsaye an soke shi, an sallami mai gabatar da shi, yanzu waƙoƙi ne ke bin juna da talla a tsakani. Abokaina sun ce in murɗa gaba, hannuna ya ƙi. Wai amanar da mutum ke riƙe wa tasha, ta wa ce? Ta sunan ce ko ta mutanen da ke ciki?

Ɗan Zamani:
Wa alaikumus salam Kawu. Allah Ya huci zuciyarka, amma wace amana kuma? Kamfani ne ya sayar wa kamfani, ba wanda ya nemi shawararka. Sauke Spotify ko ka shiga YouTube, duk waƙar da ranka ke so tana nan, lokacin da ka ga dama, ba mai katse maka ita da surutu. Ni rabona da kunna FM har na manta.

Hajiya Babba:
Kai yaro, surutun nan da ka raina shi muke zuwa nema. Waƙa ai ko'ina akwai ta. Abin da babu a wayarka shi ne mutumin da zai ce ku kasa kunne daidai inda mai ganga zai shigo, ka kasa kunnen, ka ji abin da kai kaɗai ba za ka taɓa lura da shi ba. Malam Mai Batir, na san halin da kake ciki. Kamar maƙwabcin da kuka daɗe tare ne ya tashi, baƙo ya tare a gidan bai sake ko fentin ƙofa ba. Kullum ka zo wucewa sai bakinka ya so yin sallama.

Baba Injiniya:
Bari in sa baki, tunda a ɗakin sarrafa sauti na yi aikina har na aje. Malam Mai Batir, kafin ka yanke hukunci, fara tabbatarwa ko akwai mutum a cikin ginin ma. Ba wasa nake yi ba. Tasha tana iya kwana ta wuni tana magana alhali ba kowa a gaban makirfo. Kwamfuta ce ke jera waƙoƙi da talla, shi kuma mai gabatarwa yana wani gari daban, ya zauna na ɗan lokaci ya naɗi duk 'yan maganganun da za a saka tsakanin waƙoƙi na shirin awa huɗu, ya tura. Mutum ɗaya sai ya yi wa tashoshi da yawa haka, kowace yana ambaton sunanta kamar a can ya kwana.

Inda abin ya fi yin ƙamari Amurka ne. Kafin 1996 doka ta ƙayyade cewa kamfani ɗaya ba zai mallaki fiye da tashoshi 40 a faɗin ƙasar ba. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire wannan iyaka, cikin 'yan shekaru sai ga kamfanin Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, da tashoshi wajen 1,200. Wanda ya sayi tasha da bashi kuwa, abin da zai fara dubawa shi ne wane shiri ne ya fi cin kuɗi. Shirin makaɗa kai tsaye shi ne kan gaba: sai an kafa makirfo da yawa, injiniya ya tsaya a kai, a gwada sauti kafin a fara, a buɗe babban situdiyo da dare. Faifai kuwa danna shi kawai ake yi.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka saurara ko yana faɗin ƙarfe nawa daidai da minti. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka ji ko zai ambata. Ka buga lambar situdiyo ka ga ko za a ɗauka. Sannan ka lura ko yana yin tuntuɓen harshe. Wanda bai taɓa kuskure ba a iska, to an goge kuskuren ne kafin ya iso gare ka.

Mai Rediyon Batir:
Baba, wallahi ka taɓo wurin. Da rana akwai mutane, don ana ɗaukar waya. Amma daga magariba zuwa safe ban ƙara jin an faɗi lokaci ba.

Ɗan Zamani:
To Baba, ku da kuke yabon mai gabatarwa kamar waliyyi, shi ba a saye shi? Gara kwamfutar, ita aƙalla ba a ba ta na goro.

Malamin Tarihi:
Ɗan Zamani ya faɗi rabin gaskiya, bari in cika masa hujjar. A 1959 majalisar dokokin Amurka ta binciki masu saka faifai a rediyo kan karɓar kuɗi daga kamfanonin waƙa don su riƙa maimaita wasu waƙoƙi. Alan Freed, wanda yana cikin waɗanda suka fi suna a lokacin, ya rasa aikinsa a wannan badaƙala, kuma a 1960 aka gyara doka aka wajabta bayyana duk abin da aka biya don a saka. Abin bai mutu ba: a 2005 Sony BMG ta amince ta biya dala miliyan 10 bayan binciken da babban lauyan jihar New York, Eliot Spitzer, ya yi kan irin wannan harka. Don haka eh, ana sayen mai gabatarwa.

Ɗaya rabin kuma, ƙanena, jerin waƙoƙin da manhaja ke tura maka ba daga sama suke saukowa ba. Kamfani ne ya tsara lissafin, da manufarsa, wato ka daɗe a ciki. Bambancin shi ne mai gabatarwa yana da suna da murya, in ya cika ka da waƙar banza ka san wanda za ka yi wa ƙorafi.

Mai Jita:
Ni dai ina cikin masu kiɗan, don haka bari ku ji daga wannan ɓangaren. Na taɓa kai waƙa wata tasha, ba zan kama suna ba, aka nuna mini a fakaice cewa faifai ba ya tafiya shi kaɗai. Na ɗauko abina na dawo. Don haka ba na cikin masu cewa rediyo aljanna ce.

Amma duk wanda ya taɓa yin wasa a ƙaramin zaure ya san bambancin makon da aka gayyace shi situdiyo da makon da ba a gayyace shi ba. Mutum 1,000 da suka ji ka a intanet suna warwatse ne a duniya, ba wanda zai zo. Waɗanda suka ji ka a tashar yankinsu kuwa, su ne masu iya tako ƙafa su zo ranar Juma'a, don mai gabatarwa ya faɗi wurin da lokacin, kuma sun ji da kunnensu cewa kana iya yi ba tare da gyaran kwamfuta ba. In aka rufe irin shirin da Malam Mai Batir ke magana, ba masu saurare kaɗai aka yi wa asara ba. Ƙananan wuraren wasa ma za su ji a jikinsu, ko da ba nan take ba.

Wani abu kuma game da manhajar da ɗan uwana ke yabo. A Spotify sai an saurari waƙa na daƙiƙa 30 kafin a ƙirga ta. To me kake tsammani zai faru da waƙar da ke buƙatar minti guda tana shimfiɗa kafin murya ta shigo? Kowa ya koma jefa amshi tun daga farko, kada a tsallake shi. A situdiyon rediyo ba wanda ya taɓa ce mini in gajarta shimfiɗa.

Ɗan Zamani:
Yaya Mai Jita, wannan ta daƙiƙa 30 na yarda. Amma manhajar nan ta sa na san mawaƙan ƙasashen da ko a taswira ban san inda suke ba. Wace tashar yanki ce za ta yi mini haka?

Malamin Tarihi:
Wadda ta samu mutumin kirki. John Peel ya yi wannan aikin a BBC Radio 1 tun daga 1967 da aka buɗe tashar har rasuwarsa a 2004. Yana saka abin da ba wanda ya sani, daga kowace nahiya, wani lokaci har ya saka faifai a gudun da ba nasa ba, ya ba da haƙuri ya sake. Abin sha'awa shi ne asalin zaman kiɗan da ya yi suna da su. A Ingila a lokacin akwai yarjejeniya da ƙungiyar makaɗa da masu haƙƙin faifai, wadda ta ƙayyade awannin da BBC za ta iya saka faifai. Sauran lokacin dole a cika shi da kiɗan da aka yi musamman don rediyo. Sai aka riƙa kiran makaɗa situdiyo, galibi na Maida Vale a Landan, su yi waƙoƙi kamar huɗu a yini guda. Aka tara irin wannan zama sama da 4,000. Takunkumi ne ya haifar da taskar.

Baba Injiniya:
Malam, ƙaramin gyara don kada a ruɗe. Yawancin waɗancan zaman naɗarsu aka yi aka saka daga baya, ba kai tsaye suke fita ba. Abin da ya ba su ɗanɗano shi ne ƙarancin lokaci, ba damar a yi ta shafe-shafe. In kana neman wanda yake fita kai tsaye da gaske kuma ya daɗe, to Grand Ole Opry ne na tashar WSM a Nashville. Tun Nuwamban 1925 ake yin sa, daren Asabar, makaɗa a kan dandamali, jama'a a zaune, rediyo na ɗauka. Shekara biyar kacal ke nan bayan tashar KDKA ta Pittsburgh ta watsa sakamakon zaɓen 1920, wanda ake yawan ƙirgawa a matsayin mafarin rediyon kasuwanci. A wancan zamanin kiɗa kai tsaye shi ne abin da aka saba, faifai ne baƙo.

Malamin Tarihi:
Na karɓi gyara, Baba.

Direban Dare:
Ni ba ni da tarihi. Abin da na sani, ƙarfe biyun dare a kan hanya, ba ka son waƙa kawai. Kana son ka san akwai wani a farke. In mai gabatarwa ya ce masu tuƙi a yi a hankali akwai hazo a gaba, barci ma sakina yake yi. Manhaja ba ta taɓa ce mini komai ba.

Baba Injiniya, tambaya. Me ya sa FM ke ɓacewa da zarar na yi nisa, amma da dare ina kamo tashoshin AM na wurare masu nisa da ba na samu da rana?

Baba Injiniya:
Tambaya mai kyau, ɗana. FM yana tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108 a yawancin ƙasashe, wato lambobin da kake murɗawa a rediyo. Irin wannan igiya miƙe take tafiya, kusan iyakar abin da eriya ke hangowa, shi ya sa ake ɗora eriyar a kan dogon ƙarfe ko tsauni. Da ka sha kwana bayan dutse ko ka wuce inda ƙasa ta lanƙwasa, shi ke nan. Edwin Armstrong ne ya yi rajistar fasahar a 1933, kuma abin da ya nema shi ne sauti mai tsabta marar ƙarar tsawa, ba nisa ba.

AM na matsakaicin zango kuwa, akwai wani rufi a can saman sararin samaniya da hasken rana ke samarwa, wanda ke shanye igiyar da rana. Rana na faɗuwa sai wannan rufi ya baje, igiyar ta wuce sama ta bugi wani rufin da ya fi shi tsawo, ya maido ta ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa kake jin tana zuwa tana komawa. WSM ɗin da na ambata a kan kilohaz 650 take da ƙarfin wat 50,000, da dare jihohi da yawa ke kamo ta, abin da ya yaɗa wancan shirin ke nan.

Ka ga ashe gajartar FM ita ce ta mai da shi na gida. Tashar da ba ta wuce yankinta ba, dole da mutanen yankin za ta yi magana, da su za ta nemi talla. Intanet ya cire wannan iyaka, ya kuma tafi da dalilin.

Hajiya Babba:
Kuma ranar da wuta ta ɗauke, sabis ya tafi, sai a ga wa ake nema.

Malamin Tarihi:
Hajiya, an gani kuwa. Lokacin guguwar Katrina a 2005 tashar WWL ta New Orleans ta ci gaba da magana, mutane na bugowa suna faɗin inda suka maƙale. A girgizar ƙasar Haiti ta 2010 Signal FM ta Port-au-Prince ba ta sauka daga iska ba, jama'a suka riƙa zuwa ƙofarta suna ba da sunayen waɗanda suke nema. Ko Norway da ta kashe FM na tashoshin ƙasa a 2017 ta koma rediyon dijital, ta bar ƙananan tashoshin yanki a kan FM. Amma a lura, duk wannan amfanin yana nan ne idan akwai mutum a ɗakin. Kwamfutar da Baba ya siffanta, ko gari na nutsewa waƙarta za ta ci gaba da sakawa.

Ɗan Zamani:
To mu ajiye rediyo, mu zo kan kiɗan kai tsaye. Gaskiya ni ban ga abin wahala ba. Cunkoso, tsayuwa, na gabanka ya fi ka tsawo, mawaƙin ma muryarsa ba ta kai ta faifai daɗi ba. A gida da abin sawa a kunne na fi jin komai dalla-dalla.

Hajiya Babba:
Dalla-dalla ɗin ne matsalar. Faifai jiya da yau duk ɗaya ne, ka san inda zai hau ka san inda zai sauka. A wurin wasa ba wanda ya san abin da zai faru, har shi mai waƙar. Wata rana baitin da ka sha ji ba ka damu da shi ba, sai ya ja shi ya tsaya a kai, 'yan amshi su jira, wurin ya yi tsit, ka ji tsigar jikinka ta tashi. Gobe in ka je ba zai maimaita haka ba. Kuma ku daina cewa murya ba ta kai ta faifai ba. Muryar ke nan. Ta faifan ce aka yi wa kwalliya.

Mai Jita:
Allah Ya ja kwana Hajiya. Bari in ƙara daga kan dandamali. Mu ma muna sauraron ku. In na ga wuri ya ɗauka, ina yi wa mai ganga ido mu ƙara zagaye biyu. In na ga mutane sun fara duba waya, mu yanke mu shiga wata. Gudun waƙar kansa yana canzawa da numfashin jama'a. Shi ya sa nake jin haushin abin da ya zama ruwan dare yanzu: a zo da waƙar a kwamfuta, a danna, mawaƙi ya riƙa tsalle yana ɗora ihu a kan muryarsa ta faifai. Wannan ba kiɗa kai tsaye ba ne, ganin mutum ne kawai ido da ido. Kwamfuta ba ta jira, ba ta ƙara zagaye.

A 1990 an ƙwace kyautar Grammy daga mawaƙan Milli Vanilli da aka gano ba su suka rera abin da ke faifansu ba, duniya ta yi ta surutu. Nasu ya fi muni, don muryar wasu ce. Amma yau a cika wuri da mutane a saka musu faifai, ba mai ko ɗaga gira.

Baba Injiniya:
Ɗan Zamani, akwai abin da abin kunnenka ba zai iya ba ko nawa ka saye shi. Kunnen ɗan Adam yana ji daga kusan haz 20 zuwa 20,000, haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti. Can ƙasa, inda babbar ganga take, ba kunne kaɗai ke karɓa ba, ƙirji da ciki da tafin ƙafa duk suna ji, don iska ce ake turawa da ƙarfi. Abin kunne yana kai sautin cikin kunne, amma ba ya girgiza ɗaki.

Sai kuma tazarar da ke tsakanin sanyin sauti da ƙarfinsa. A rediyo mu da kanmu muke matse ta, mu ɗaga na ƙasa mu danne na sama, don wanda ke cikin mota ya ji komai duk da ƙarar inji. Faifan zamani ma haka ake yi musu. A zaure kuwa, raɗa raɗa ce, tsawa tsawa ce. Abin da ya tayar wa Hajiya tsigar jiki, rabinsa wannan ne.

Amma zan ba ka gaskiyarka a wuri ɗaya. Babban fili ba ya cika daɗin sauti. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka wanda ke nesa da mita 100 yana ganin an bugi ganga kafin ya ji da kusan sulusin daƙiƙa. In ba a kafa lasifikan tsakiya an jinkirta su daidai ba, sai ka ji komai biyu-biyu. Ni da za a bar ni, ƙaramin zaure na mutum 200 ya fi mini filin wasa.

Anti Nas:
Ina bin ku shiru, amma tunda an zo kan ƙara dole in yi magana. Iyakar ƙarar da ake amfani da ita a wuraren aiki ita ce desibel 85 na awa 8, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu da rabi. In aka kai 100, minti 15 ke nan. Wuraren wasa da yawa a nan suke ko sama. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa cewa matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100, kuma ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji. Ƙarar nan da kunne ke yi bayan an dawo gida ba alamar an more ba ce, rauni ne, kuma ƙwayoyin da ke cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. Ku nemi abin toshe kunne irin na makaɗa, yana rage ƙarfi ba tare da dushe sautin ba, kuma kada ku tsaya a bakin lasifika. Ɗan Zamani, kada ka yi murna, abin kunnenka ma yana cikin lissafin in kana ƙure shi.

Mai Jita:
Anti, kunnena na hagu shaida ne. Gefen da mai ganga yake ke nan.

Ɗan Zamani:
Na ji Anti. Amma ku sani ni ma ina kallon kiɗa kai tsaye, a waya. KEXP da Tiny Desk ba abin da ke wuce ni. Ba cunkoso, ba ciwon kunne.

Malamin Tarihi:
Ƙanena, ka san mece ce KEXP? Tashar rediyo ce ta yanki, a Seattle, a kan 90.3 FM. Ta fara a 1972 da sunan KCMU a Jami'ar Washington, ta koma KEXP a 2001, kuma gudummawar masu saurare ce babban abin da ke riƙe da ita. Tiny Desk kuma na NPR ne, rediyon jama'a na Amurka, an fara shi a 2008 a bakin teburin Bob Boilen. Wato abin da kake kallo shi ne irin shirin da aka soke wa Malam Mai Batir, sai dai mutanen wani gari ne suka biya aka yi, kai kana ci a ɓagas.

Ɗan Zamani:
Ni dai a YouTube na gan su. 😄 Kuma hakan ma hujjata ce: da ba don intanet ba da wa zai san su a wajen garinsu?

Hajiya Babba:
Da ba don garinsu ba da intanet ɗin me zai nuna maka?

Shugaban Zaure:
Jama'a a ci gaba a hankali, muhawara ta yi daɗi. Amma mai tambaya har yanzu ba a ba shi amsa kai tsaye ba.

Baba Injiniya:
To ga tawa. Amana ta mutane ce da aikin da suke yi, lamba ba ta san ka ba. Amma kada ka tafi shiru. Masu tasha ba sa ganin wanda ya murɗa, suna ganin wasiƙa da kiran waya, sun fi kuma ganin mai talla. Ka rubuta musu da sunan shirin, ka sa wasu su rubuta. In akwai masu talla da ke ɗaukar nauyin shirin a da, su ma a gaya musu an yi kewarsa. Na ga shirin da aka dawo da shi ta wannan hanya, na kuma ga wanda aka yi duk wannan bai dawo ba. Sannan ka bincika inda mai gabatarwar ya koma. Irin waɗannan mutane ba sa iya zama shiru, za ka same shi a wata ƙaramar tasha ko yana yi a intanet.

Hajiya Babba:
Ni ban yarda a bar tashar gaba ɗaya ba, Malam Injiniya. Ya ce da rana akwai mutane. Waɗannan ma in kowa ya gudu su za a sallama gaba. A saurare su da rana, a kira su, da dare a kashe.

Mai Jita:
Ni kuma roƙona ɗaya. Makaɗan da kake ji a shirin ba su mutu ba, suna nan suna wasa a wani wuri daren Asabar ɗin. Ka je. Ka sayi tikiti, kada ka nemi a shigar da kai ta baya don ka san mai ƙofa. Kuma don Allah in kun zo ku sauke waya. Ba abin da ke kashe gwiwa kamar ka ɗaga kai ka ga bayan wayoyi maimakon fuskoki.

Ɗan Zamani:
A nan kuma ba mu tare, Yaya. Bidiyon da na ɗauka na saka shi ne tallan da ba ka biya ba. Mutum nawa suka san ka ta haka?

Mai Jita:
Ɗauki waƙa ɗaya, na yafe. Amma wasa gaba ɗaya? Kuma ka taɓa komawa ka kalla? Makirfon waya ba ya ɗaukar wannan ƙarar, abin da ke fita kwaramniya ce da muryar na kusa da kai yana bin waƙar ba daidai ba. Shi za a gani a ce haka nake yi.

Direban Dare:
Ni Asabar ina kan hanya, ba zan samu zuwa ba ko ina so. Shi ya sa shirin rediyon ya fi mini amfani a kan ku duka. Baba Injiniya, in mutumin ya koma intanet kamar yadda ka ce, akwai dabarar da zan ji shi a mota inda ba sabis?

Baba Injiniya:
Kai tsaye dai babu, ɗana. Sai dai in yana ajiye shirin, ka sauke shi a waya kafin ka tashi, ka haɗa da rediyon motar ta Bluetooth ko ta igiya. Ko inda akwai sabis ɗin ma, abin da ke zuwa ta intanet yana makara da daƙiƙoƙi da dama a kan na iska, don haka in ya ce a bugo waya ka yi sauri. Maganar hazo kuwa ba za ka same ta a shirin da aka sauke ba, don haka ka bar AM ɗinka a kusa. Ka kuma duba eriyar motar, in ta yi tsatsa a gindi ka kankare, yawancin shuuu ɗin da direbobi ke kuka da shi daga nan yake.